Babi na 9: Lissafin Kwanson Harsashi

A Amurka akwai mafarauta da masu gasar harbi waɗanda ba sa yar da kwanson harsashi bayan sun harba. Sukan tsince shi, su kai gida, su wanke, su sake cika shi. Doka ta yarda musu da haka a can. A Najeriya kuwa, dokar makamai ta 1959 ta hana mutum haɗa harsashi a gidansa, saboda haka ba cika harsashi za mu koya a wannan babi ba. Za mu duba yadda waɗannan mutane ke riƙe lissafi ne, domin lissafin nan shi ke kare musu idanunsu da yatsunsu.

Ku karanta a hankali.

Harsashin doguwar bindiga abu huɗu ne a haɗe: kwanso, da albarushi, da kan harsashi, da wani ɗan maɓalli a gindi wanda ke tada wuta. Uku daga ciki harbi ɗaya suke yi, sun ƙare. Kwanso kaɗai ke saura. Da tagulla ake yin sa, wato jan ƙarfe kashi 70 cikin 100, tutiya kashi 30.

To me ya sa sai an ƙirga sau nawa aka harba kwanso? Duk lokacin da aka harba, ƙarfin wuta yakan buɗa kwanson har ya manne da cikin bindiga. Kafin a sake cika shi sai an matse shi ya koma yadda yake. Yau a buɗa, gobe a matse. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙar da ita ya san ƙarshen abin: tana ƙara tauri, tana ƙara tauri, sai ta karye. Haka tagulla take. Wuyan kwanson yakan yi tauri ya tsage. Jikinsa yakan ƙara tsawo, har sai an datse bakinsa. Wannan tsawon kuma ba daga sama ya faɗo ba, daga jikin kwanson aka ja shi, kusa da gindi, wurin ya yi ta sirancewa ta ciki inda ido ba ya gani. Ran da ya tsinke, gindin ya rabu da jiki, iska mai zafi za ta iya fesowa baya. Fuskar mai harbi kuwa tana nan daf da wurin.

Kwanso yana da alamun gajiya, kuma masu wannan aiki suna duba su ɗaya bayan ɗaya. Suna neman tsaga a wuya. Suna neman wani siririn zobe mai ƙyalli da ke zagaye kwanson a ɗan saman gindi. Wasu sukan lanƙwasa bakin ƙaramar waya kamar ƙugiya, su zura ta ciki, su ja ta a hankali. In ta maƙale a wani kwari, an gama da wannan kwanso. Haka ma in ramin maɓallin ya yi sako-sako. Amma kwanson da aka harba sau 2 da wanda aka harba sau 8, in an wanke su an goge, ƙyalli ɗaya suke yi. Kwanso ba zai faɗa muku shekarunsa ba. Sai takarda.

Ga yadda suke yi. Sukan raba kwanso rukuni-rukuni, galibi 50 ko 100, daidai da akwatunan roba da ake sayarwa masu ramuka 50 ko 100. Rukuni ɗaya, kamfani ɗaya, iri ɗaya. Tare ake cika su, tare ake harba su, ba a sake cika ko ɗaya sai an harbe duka. A murfin akwatin sai a manna takarda kamar haka:

Rukuni: B
Iri: .308 (lambar girman harsashin)
Yawa: 50
Harbi: ////
Datsewa: /
Waɗanda aka cire: 2

Ku dubi layin harbi. Kowace sanda harbi ɗaya ce. Sanda huɗu, harbi huɗu. In na biyar ya zo, ba a jera ta kusa da su, sai a gicciya ta a kansu, ta zama dami ɗaya na biyar. Wanda bai gama iya rubuta lambobi ba ma zai iya wannan tun yau. Wasu kuma sukan ɗiga launi a gindin kwanso, ko su ware gwangwani ga kowane adadi: na harbi 1 daban, na harbi 2 daban. Launi dai yana gogewa wajen wanki, shi ya sa na fi yarda da takarda, a kuma kwafe abin da ke kanta cikin littafi, don takarda tana iya ɓallewa.

Sau nawa kwanso ke ɗauka? Babu lamba ɗaya. Wani rukuni ya gaji a harbi na 5, wani ya haura 10. Ya danganta da bindigar, da irin tagullar, da yadda aka matse shi. Da yawa daga cikinsu suna bin ƙa'idar cewa kwanson da aka datse sau 4, in ya sake neman datsewa, a ajiye shi ke nan. In kuma 'yan rukuni suka fara tsagewa biyu-biyu, uku-uku, ba a jiran sauran, duka ake cirewa, tunda wahala ɗaya suka sha.

Abin da ya fi ɓata lissafi shi ne gauraya. Mutum ya tsinci kwanso a filin harbi, bai san wanda ya yar ba, bai san ko sau nawa aka cika shi ba, ya jefa cikin akwatinsa don ganin yana ƙyalli. Daga ranar takardar da ke murfin ta daina faɗin gaskiya. Na biyu shi ne "bari sai anjima in rubuta". A ja sandar a lokacin da aka gama, kafin a rufe akwati.

Aikin yi

Rukunin B ya fara da kwanso 50. An riga an cire 2. A harbi na 5 an cire 3, a harbi na 6 an cire 7. Nawa suka rage? A ganinku, a ci gaba da amfani da wannan rukuni? Ku rubuta dalilinku a jimla ɗaya.

Ku rubuta 7 da 12 da sanduna, dami-dami.

Ku zaɓi wani abu na wajen sana'arku da ake ta maimaita amfani da shi har ya gaji, kamar man injin babur ko allurar keken ɗinki. Ku yi masa takarda irin ta sama, da sunansa da ranar da aka fara, ku riƙa jan sanda har mako ɗaya. Ku zo da takardar aji mu karanta tare.