Yadda na sa faifan bogi ya yi jinkirin tashi a Linux

Kwana uku wannan matsala ta hana ni sakat. Direban (manhajar da ke sarrafa faifai) da nake gyarawa a cikin kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, yakan yanke hukuncin cewa faifai ya mutu idan aka kunna na'ura bayan an kashe ta gaba ɗaya, alhali faifan lafiyarsa ƙalau, juyawa ce bai gama ɗauka ba. Kwamfutar gwajina kuwa SSD ce a ciki, ma'ajiyar da ba ta juyawa, nan take take tashi, don haka matsalar ta ƙi bayyana a gabana.

Da farko na gwada dm-delay, kayan aikin Linux da ke sa jinkiri a aikin faifai. Bai yi ba, domin karatu da rubutu kawai yake jinkirtawa, bayan faifan ya riga ya ce a shirye yake.

Abin da ya fisshe ni shi ne scsi_debug, wanda ke ƙirƙirar faifan bogi a cikin RAM:

modprobe scsi_debug dev_size_mb=64 tur_ms_to_ready=8000

Da wannan, tsawon daƙiƙa 8 duk lokacin da aka aika masa TEST UNIT READY (tambayar ko ya shirya) sai ya amsa da NOT READY (bai shirya ba), tare da lambar 04/01, wato "ina kan shiryawa". Haka faifai na gaskiya yake yi.

Gwajin farko kuskuren ya fito fili. Ashe direban duk wani NOT READY ɗaukarsa yake a matsayin lalacewa, ba ya duba lambar da ke biye. Na sa shi ya duba: in 04/01 ce, ya jira daƙiƙa ɗaya ya sake tambaya, har zuwa iyakar da na sa masa. Na ɗaga jinkirin zuwa 30000, wato daƙiƙa 30, na sake gwadawa, ya jira, faifan ya hau.