Yadda ake tsara manhajar kuɗi da za ta yi magana da ido, kunne da hannu

Ka ɗauki mai shago a Kantin Kwari da rana tsaka, yana jiran shigowar kuɗi a wayarsa. Hasken rana ya dusashe fuskar wayar, hayaniyar kasuwa kuma ta danne ƙararta. Idan ido kaɗai manhajarka take yi wa magana, saƙon bai isa gare shi ba.

Da farko, rubuta saƙonnin da mutum zai yi asara idan suka wuce shi: kuɗi sun shigo, kuɗi ba su tafi ba, lambar sirri ba daidai ba ce. Kowannensu ka aika shi ta hanya biyu aƙalla.

Fara da ido. Kada ka dogara da launi kaɗai, domin mutane da dama, galibinsu maza, ba sa bambance ja da kore sosai. Haɗa launin da alama da kalma. Ƙa'idar WCAG, wadda ke tsara yadda shafukan intanet za su yi sauƙin amfani ga masu naƙasa, ta nemi bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1.

Kunne nake so ka fi daɗewa a kansa. Ƙarar nasara ta sha bamban da ta gazawa, yadda ko wayar tana aljihu mai ita zai gane. A Indiya, kamfanin Paytm ya samar wa 'yan kasuwa ƙaramar lasifika mai faɗin adadin kuɗin da suka shigo, mai shayi ya ji ba tare da ya ajiye butarsa ba. Mu ma da yawa cikin 'yan kasuwarmu ba su yi boko ba, amma Hausa ba ta ɓace musu, don haka sa manhajarka ta faɗi saƙon da murya cikin Hausa. Sai dai ka ajiye maɓallin kashe muryar a kusa, don ba kowa ke son maƙwabcin shago ya ji cinikinsa ba.

Sai hannu: girgiza ɗaya gajeriya ga nasara, biyu ko uku a jere ga gazawa. In ta yi yawa, za a daina kula ta. Girman maɓallai ya kai 48dp (dp ma'aunin girma ne a fuskar waya) da Android ke ba da shawara, kuma rubutu da ƙara da girgiza su zo lokaci guda.

Daga nan sai gwaji. Kunna TalkBack, manhajar Android mai karanta wa makafi abin da ke fuskar waya, rufe idonka, ka gwada tura naira 500. Kashe ƙarar wayar ka sake. Sannan ka sa manhajar a waya mai araha, ka fita bakin titi ka miƙa wa wani dattijo, ka yi shiru ka ga inda yatsansa zai tsaya.