Yadda za ka auna tumbin tsohonka da igiya, da abin da awon ke nunawa a kan mantuwa

A nan Damagaram in mutum ya aje teɓa sai a ce Alhaji ya samu hutu, in tsohuwa ta rame kuma a ce ai tsufa ne. To duka biyun akwai abin dubawa, don likitoci sun gano ƙiba da rama kowace tana da alaƙa da gigin tsufa, sai dai shekarun ne suka bambanta.

Fara da igiya. Duk igiyar da ba ta miƙewa ta yi, ko ka aro abin awon tela. Baba ya cire takalmi da hula ya jingina da bango, ka auna tsawonshi daga ƙasa har tsakar kai, ka yanke igiyar daidai nan, ka ninka ta biyu sannan ka zagaya ta a cikinshi, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, kusan saitin cibiya. Kar a yi a kan babbar riga, kuma ka ce mai ya saki numfashi don wasu tsofaffin da sun ga igiya sai su haɗiye ciki kamar za a ɗauke su soja. In bakin igiyar ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba cikin ya wuce rabin tsawonshi kenan, kitsen ya yi yawa. Mai abin awon tela ya duba lamba, a ma'aunin hukumar lafiya ta duniya namiji daga santimeta 94 an fara shiga haɗari, 102 ya yi yawa, mace kuma 80 da 88. In Inna ce za a auna a bar ma mata su yi, kar ka sa ta jin nauyi.

Shi kitsen ciki yana cikin abubuwan da ke jawo ciwon suga da tansiyo (hawan jini), su kuma a hankali suke cin ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, shi ya sa na fi yarda da igiyar a kan sikeli. Akwai lissafin BMI da ake yi a asibiti, kilo a raba da tsawo sau tsawo, misali mai kilo 80 da tsawon mita 1.7 zai samu kusan 28, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 ƙiba ce sosai. Amma ga tsoho lissafin yana yaudara, tsoka ta zube, baya ya ranƙwafa tsawo ya ragu, sai ka ga ƙafafu kamar sillen kara ga tumbi a gaba kuma lambar ta ce lafiya lau.

Wani binciken da aka yi a kan ma'aikatan gwamnati a Landan, Whitehall II, ya nuna ƙiba a shekara 50 tana ƙara haɗarin gigin tsufa, amma a 60 da 70 ba a ga hakan ba, kuma waɗanda cutar ta kama sun fara ramewa shekaru kafin a gane ta. Wato kai mai shekara 45 ko 50 da ke riƙe da igiyar, ka zagaya ta a naka cikin ma, ka rage sukarin shayi, wani zuwa Kasuwar Dole a yi shi a ƙafa. Shi kuwa ɗan shekara 75 kar a ƙwace mai tuwo da fura wai sai ya rage jiki, ba da maganar likita ba. Ya samu wake, ƙwai, nono, zogale, ya riƙa takawa masallaci.

Sai ka samu ƙaramin littafi, duk wata a hau sikeli ɗaya, da safe, a rubuta kilo da awon ciki. A gefe ka rubuta abin da ka gani da idonka, ya maimaita tambaya sau huɗu a zama guda, lissafin canji ya rikice mai, ya ɓata hanyar gida daga Birni, ko Inna ta bar tukunya a wuta ta manta. In nauyi ya ragu da kashi 5 cikin 100 a wata 6 zuwa shekara ba da niyya ba, kamar mai kilo 60 ya koma 57, ka ɗauki littafin ku je asibiti, a auna suga da tansiyo, a duba haƙora da ji da gani, kuma ka kwashi duk magungunan da yake sha a leda ka nuna ma likita har da na gargajiya.