Yadda za ka gano matsalar wuta a solinod ɗin bawul na Corolla

Idan fitilar injin ta kama, na'urar bincike kuma ta nuna lambar matsala P0010, kada ka yi saurin sayen sabon solinod, wato na'urar lantarkin da ke sarrafa man da ke daidaita lokacin buɗewar bawul. Sau da yawa laifin waya ne.

1. Kashe mota, ka zare makulli, ka bar injin ya huce.

2. Solinod ɗin yana jikin kan injin, kusa da sarƙar taimin. Cire soket ɗinsa ka leƙa ciki. Baƙin mai kan taru a wurin, wani lokaci ƙafafun sun yi kore. Wanke da feshin tsabtace soket. Bi wayar da yatsa har inda ta shige, domin ɓera na son ta, zafi ma na ƙona rigarta.

3. Saita mitar gwajin wuta a kan om (ma'aunin turjiyar wuta), ka taɓa ƙafafun solinod biyu. A injin Corolla samfurin 1ZZ mai sanyi, 6.9 zuwa 7.9 ake nema. In mita ta nuna sifili ko ba ta karanta komai ba, ya mutu.

4. Ba shi wutar batir na daƙiƙa ɗaya kacal. Mai lafiya zai ce "ƙas".

5. In ya ci waɗannan gwaje-gwajen, cire kan batir, ka auna wayoyin biyu daga soket zuwa ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Ƙwaƙwalwar ce ta ƙarshe da ake zargi, don da wuya take lalacewa.