Kurakuran da aka fi yi wajen amfani da kalmar "scare"

Wata ɗalibata ta rubuta a insha'inta: "I was scary when the dog barked." Nufinta ta tsorata da haushin kare, amma abin da ta rubuta yana nuna ita ce abar tsoro. Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa a takardun da nake dubawa, kuma yana damuna, domin Hausarmu ta riga ta raba abin gida biyu: akwai jin tsoro, akwai ban tsoro. "Scared" wanda ya ji tsoro ke nan, "scary" kuwa abin da ya ba shi tsoron. Karen ne "scary", yarinyar "scared". In ka rikice, tambayi kanka da Hausa: ni na ji tsoron, ko ni na bayar?

Ita kanta "scare" aikatau ce, tsoratarwa. Ƙaninka ya laɓe bayan ƙofa cikin duhu, ya faɗo maka ba zato, gabanka ya faɗi, sai ka ce "You scared me!" A nan ne wasu ke cewa "You afraid me", alhali "afraid" siffa ce, ba a aikata ta a kan wani. "You feared me" kuma ta juya maganar gaba ɗaya, ta koma kai ne ka ji tsorona.

Abin da kake tsoro "of" ke zuwa kafinsa, ba "from" ba: "scared of snakes". Amma uwar da ɗanta ya kama hanya da daddare, ta kasa runtsawa, ita "scared for her son" take. Ba ɗan take tsoro ba, fargabarta kada wani abu ya same shi. Ina son ɗalibai su riƙe wannan bambancin sosai.

A kula da rubutu. "Scarred" mai r biyu daga "scar" take, wato tabo. "Scarce" ƙaranci ne, shi ya sa "Petrol is scare" ba daidai ba ne; "Petrol is scarce" ake cewa.

"Frighten" ma'anarsu ɗaya da "scare", sai dai an fi ganinta a rubuce. "Intimidate" ta fi su nauyi: mai ƙarfi ne ya razana na ƙasa da shi da gangan don ya ja bakinsa ya yi shiru. Kada ka ɗora ta a kan ƙanin nan da ya laɓe bayan ƙofa.