Yadda ake zaɓar harsashi ga ƙaramar libarba ba tare da shurinta ya lalata saiti ba

Wannan bayani na mazauna Amurka ne da doka ta ba su izinin ɗaukar bindiga a jiki. Dokar makamai ta Najeriya ta sa libarba cikin haramtattu, sai da lasisin shugaban ƙasa.

Abin da na fi gani a filin koyon harbi shi ne mutum ya sayi bindiga mafi rashin nauyi, ya haɗa ta da harsashi mafi zafi, ya harba biyar, tafin hannunsa ya yi ja, ya mayar da ita akwati. Daga ranar ba zai ƙara atisaye ba, amma kullum tana ƙugunsa.

Da farko duba nauyin bindigar. Albarushi ɗaya ne, amma gwargwadon rashin nauyin ƙarfe, gwargwadon shurin da hannunka zai sha. Smith & Wesson 642 ba ta wuce oza 15 ba, Ruger LCR da ta fito a 2009 oza 13 da rabi ce, 340PD kuwa ba ta cika oza 12 ba kuma tana cin .357 Magnum, wato harsashin da ya fi .38 Special ƙarfi sosai. Mai koyo ya bar wannan ta ƙarshe. Magnum a bututun da bai kai inci 2 ba ƙara ce da walƙiya da ciwon hannu. Idan kana iya ɗaukar ta baƙin ƙarfe irin 640, mai oza 22 da ɗoriya, ita ce daidai. Bindigar .357 tana cin .38 Special, amma ta .38 ba ta cin .357, kwansonsa ya fi tsawo.

Na biyu, fara da harsashi mai shafaffen kai, wanda ake kira wadcutter, mai nauyin giren 148 (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne). Shurinsa mai laushi ne, kuma yana huda takarda tsaf ka ga inda ka samu. Kada ka taɓa mai alamar +P tukuna, wato wanda aka ƙara wa ƙarfin fashewa.

Na uku shi ne inda na ɓata wata da watanni, don haka zan tsaya a kai. Hannu yana koyon tsoro kafin mai shi ya sani. Kunamar waɗannan bindigogi tana da tauri, tana da doguwar tafiya, to kafin ta ƙarasa sai ka tarar ka dunƙufar da bakin bindiga ƙasa don tarar shurin da bai zo ba. Harbina duk yana sauka ƙasa ta hagu, na yi ta zargin saitin bindiga, ashe ni ne. Ga yadda za ka kama kanka: a cikin gurabe biyar na ganga, wato sashen da ke juyawa da harsasai, sa harsashi uku, sauran biyu ka sa kwanso fanko. Juya gangar ba tare da ka duba ba, ka rufe, baki na fuskantar allo. Harba daga yadi 5. Lokacin da kunama ta faɗa kan fanko, idan bakin bindiga ya sunkuya ƙasa, ka ga cutarka da idonka. Maganinta jan kunama a gida da harsashin roba na atisaye marar albarushi, bayan ka tabbatar sau biyu ganga babu komai kuma harsasai na gaske suna wani ɗaki. Minti goma kullum. Wannan kyauta ne, kwalin harsashi 50 kuwa kafin ka ankara ya ƙare.

Ka kuma sauya mariƙi. Na roba irin na Hogue da ke rufe ƙarfen baya yana rage zafi sosai, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Riƙe ta can sama, da ƙarfi, kuma yatsa kada ya kusanci tsagar da ke tsakanin ganga da bututu, wuta na fita ta nan.

Sai ka iya zuba biyar cikin faɗin faranti sannan ka nemi harsashin da za ka riƙa ɗauka. Ni Speer Gold Dot mai giren 135 +P nake so, don gajeren bututu aka yi shi. Ma'aunin da hukumar FBI ta kafa bayan artabun Miami na 1986 shi ne harsashi ya nutse inci 12 zuwa 18 a daskararren jelatin gwaji. Idan +P ya fi ƙarfin hannunka, zauna kan wadcutter, yana nutsewa yadda ya kamata. Ka sani saitin yawancin waɗannan bindigogi da giren 158 aka daidaita shi, mara nauyi yakan sauka ƙasa kaɗan.

Gwaji na ƙarshe: cika ganga, harba huɗu, fito da na biyar ka gwada tsawonsa da sabo. A bindiga mara nauyi shuri yakan zaro kan harsashi daga kwanso har ya cije ganga. Idan ya ƙara tsawo, sauya samfuri. Mai 340PD ya karanta rubutun jikin bututunta, an hana harsashin da bai kai giren 120 ba.