Darasi na 9: Kwashe takardun bincike daga wata ma'ajiyar intanet zuwa wata idan laftop ta cika

Toh 'yan uwa ɗalibai, wannan darasin na waɗanda suka koma karatu ne da girma, malaman firamare da ma'aikatan jinya da ma'aikatan gwamnati masu yin digiri a jami'ar jihar Kaduna (KASU) ko difloma a Kaduna Poli, da ma wanda yake zirga-zirga Arewa House ko gidan adana tarihi na ƙasa da ke nan Kaduna yana ɗaukar hoton tsofaffin takardu. Shekara biyu uku mutum yana tara PDF, wata rana sai a ce za a rufe akawun ɗin makaranta tunda ya gama, ko ma'ajiyar ta cika, ga laftop ɗin tsohuwa ce babu sarari. A nan ne mutane suke asarar wahalarsu, kuma abin yana da ciwo wallahi.

Kafin ka taɓa komai ka san girman kayanka da girman inda za ka kai su. Google Drive yana ba da 15GB kyauta, amma fa da Gmail da Google Photos ake raba wannan sararin, in hotunan biki sun cinye rabi toh rabi ya rage maka. OneDrive 5GB ne, Dropbox 2GB. Ka danna foldar takardun da maɓallin dama na mawus, ka zaɓi Properties, zai nuna maka nauyinta da adadin fayil ɗin da ke ciki. Rubuta waɗannan lambobin biyu a littafinka da biro, da su za ka yi hisabi a ƙarshe.

Mu ɗauki misali. Takardunka 9GB ne a OneDrive na makaranta, kana so su koma Google Drive naka na kanka, laftop kuma 3GB kacal ya rage mata. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne in da kwafa da liƙawa za ka yi, kayan ba sa tsallakawa kai tsaye, sai sun sauko cikin laftop ɗinka sannan su sake hawa. Wato data 9GB ta saukewa da wata 9GB ta ɗorawa, 18GB kenan, don haka ka nemi inda akwai wayfay ko ka sayi datar dare, kuma ka tabbatar batir ya cika ko akwai janareta don ana iya ɗauke wuta kana tsakiyar aiki.

Aikin kamar mai tashi daga Rigasa zuwa Kawo ne da keke napep, kayan gida ba sa shiga a sawu ɗaya, sawu-sawu ake yi. Sai dai kar ka ce tunda 3GB ya rage bari in ɗebo 3GB, a'a. Kowane fayil yana zama sau biyu a laftop lokacin da yake kan hanya, ɗaya wanda OneDrive ya sauko da shi, ɗaya wanda Google Drive ya riƙe kafin ya gama ɗora shi. Don haka 1GB a sawu ya isa, ka bar wa Windows wurin numfashi in ba haka ba kwamfutar za ta dinga maƙalewa.

Ga yadda sawu ɗaya yake. Ka sa manhajar Google Drive ta kwamfuta, a saitinta ka zaɓi Stream files, kar ka zaɓi Mirror files domin shi wannan zai kwafo duk abin da ke Drive ɗinka ya jibge a laftop. Sai ka buɗe babbar folda a Drive da suna iri ɗaya da tsohuwar, ka ɗauko ƙaramar folda ɗaya daga foldar OneDrive da ke laftop ɗinka ka kwafa ka liƙa. Kwafa na ce, ba yanka ba. Ka jira har alamar Drive da ke ƙasa kusa da agogo ta daina juyawa ta nuna ta gama, sannan ka buɗe Drive a burauza ko a wayarka ka ga da idonka cewa fayilolin sun iso, ka buɗe biyu ko uku ka ga suna karantuwa. Bayan nan ka koma foldar OneDrive ɗin, danna dama, zaɓi Free up space, alamar kore za ta koma gajimare mai shuɗi, sararinka ya dawo, sai sawu na gaba.

A nan ina roƙonku ku nutsu. Free up space daban, Delete daban. Na farkon yana cire kwafin da ke laftop ne kawai ya bar na intanet. Na biyun kuwa in ka goge a foldar da ke haɗe da ma'ajiya, ya goge har can sama, ba ya tambayarka ko ka gama ƙaura. In hannu ya kuskure kar ka firgita, kwandon sharar Google Drive yana riƙe abu kwana 30, na OneDrive ma kwana 30 ne, na makaranta ko ofis 93, amma kar mutum ya dogara da wannan. Ni dai shawarata ko ka gama kwashewa ka bar tsohon wurin yadda yake har wata guda, ba abin da zai rage ka da shi.

Masu amfani da Zotero, manhajar nan ta kyauta mai tsara madogarar bincike da ta fito daga jami'ar George Mason a Amurka a 2006, ku akwai ƙarin aiki. Zotero yana ajiye sunayen littattafai da marubuta da bayananka a intanet kyauta ba iyaka, amma na PDF 300MB kawai yake bayarwa, shi ya sa mutane suke ajiye PDF ɗin a Drive ko OneDrive su bar Zotero yana nuni gare su. Toh shi Zotero adireshi ya haddace, in ka canza wa fayil wuri ko suna sai ya ce bai gan shi ba. Maganin shi ne tun kafin ka fara kwasa ka shiga saitinsa, Advanced, ka nemo Linked Attachment Base Directory ka nuna masa tsohuwar babbar foldar. Bayan ka gama kwashe komai tas sai ka dawo wurin ka nuna masa sabuwar, zai faɗa maka adadin fayilolin da ya samu a ciki. Kuma kar ka gyara sunan ƙananan foldoji a hanya ko da rubutun ya ba ka haushi, ka bari sai an sauka lafiya.

Abu ɗaya da ba a yi ko kusa: foldar Zotero ɗin kanta, wadda take da fayil mai suna zotero.sqlite, ba a saka ta cikin Drive ko Dropbox ko OneDrive. Su kansu masu manhajar sun yi gargaɗi a kai, domin ma'ajiyar tana iya taɓa fayil ɗin lokacin da Zotero yake rubutu a cikinsa ya lalace, kuma a cikinsa duk jerin littattafanka da bayananka suke. Ka bar ta a laftop, ka dinga kwafe ta a filash bayan ka rufe Zotero.

Wanda yake da halin sayen filash mai 32GB ko ya ara wurin abokin karatu, aikinsa ya fi sauƙi, ya sauke komai a kai ya ɗora daga can, ga shi kuma ya samu kwafi na uku a aljihu. In za ka saya a kasuwa ka gwada shi a gaban mai shagon, akwai na jabu masu nuna girman da ba su da shi.

Aikin gida: ka buɗe folda mai suna Gwaji, ka zuba PDF biyar a ciki, ka kai ta daga wata ma'ajiya zuwa wata ta wannan hanyar. Ka rubuta adadin fayil da nauyinsu kafin tafiya da bayan isowa, ka zo da littafin aji na gaba mu duba tare.